NAZARI: Raunin ido da ɓamɓarewar tantanin gani, makantar matasa da ba ta shiga lissafin gwamnati

A shekarar 1967, wani yaro ɗan shekara 16 ya sha shuri a kai lokacin wasan zari-ruga na makarantarsu a Sikotland. Ya tashi ya ci gaba da harkokinsa. Sai bayan watanni, lokacin da ya shiga Jami'ar Edinbara, likitoci suka gano cewa tantanin da ke bayan idonsa na hagu ya ɓamɓare. An yi masa tiyata fiye da sau ɗaya, ya yi makonni kwance a ɗaki mai duhu, amma idon bai dawo ba. Daga bisani, yana cikin wasan tanis, ya ga alamun da ya riga ya sani sun bayyana a idon dama. A wannan karon bai jira ba. Wani matashin likita mai suna Hector Chawla ya yi masa aiki a babban asibitin Edinbara, idon ya tsira. Da wannan ido guda Gordon Brown ya yi ministan kuɗi na Birtaniya shekara 10, ya kuma zama firaminista daga 2007 zuwa 2010.

Mutum ɗaya ne, cuta ɗaya ce, kuma a ƙasa ɗaya aka yi jinyar idanun biyu. Babban abin da ya bambanta su shi ne lokacin da kowanne ya isa hannun likita. A yau aikin tiyatar ya ci gaba nesa ba kusa ba, ana kuma yin sa a Najeriya. Sai dai matashin da ƙarfe ya fantsama wa a ido a shagon walda, ko yaron da bulala ta kauce ta same shi a fuska, har yanzu ya fi kusa da makomar idon Brown na hagu. Dalilan hakan suna cikin yanayin cutar kanta, da kuma yadda tsarin lafiyar ƙasar nan yake lissafin makanta.

Abin da ke faruwa a cikin ido

A jikin bangon ƙwayar ido ta ciki akwai wani siririn tantani da bai kai rabin milimita kauri ba, wanda likitoci ke kira retina. Shi ne ke karɓar hasken da ya shigo, ya mayar da shi saƙo, jijiyar gani ta kai wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan gurbi da ake kira makula, wato cibiyar gani, wadda da ita ake karatu, ake gane fuska, ake zura zare a allura. Cikin ƙwayar idon kuma cike yake da wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai, wanda ke manne da tantanin a wasu wurare.

Ƙwayoyin da ke karɓar haske suna samun abinci da iskar shaƙa ne daga jijiyoyin jinin da ke bayansu, a jikin bango. Idan tantanin ya yage, ruwa ya bi ta yagewar ya shiga bayansa, sai ya ɗaga shi daga bangon, kamar yadda danshi ke ɗaye yaɓen ɗaki. Daga wannan lokaci ƙwayoyin sun rabu da abincinsu, suna fara mutuwa a hankali, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa.

A ƙasashen da ake ajiye alƙaluma, kimanin mutum 1 cikin 10,000 ne ke samun wannan matsala a shekara, galibi saboda tsufa, ko tsananin rashin hangen nesa, ko bayan aikin yanar ido. A tsakanin yara da matasa kuwa, rauni ne babban sanadi.

Raunin iri biyu ne. Akwai bugu da bai fasa ido ba: naushi, ƙwallo, sanda, dutsen danƙo, ko faɗuwa daga babur. Bugun kan matse ƙwayar ido daga gaba, ta buɗe ta gefe cikin ƙiftawa, sai ruwan kaurin ya fizgi tantanin daga gindinsa, can gefen da ba a gani sai an bincika da kyau. Akwai kuma raunin da ya huda ido: tartsatsin ƙarfe daga injin gurza, ƙusa, ƙaya, karan dawa lokacin girbi, tsakuwa a wurin fasa dutse, ko harsashin bindigar toka. A nan jini kan cika cikin idon, kuma tabon da ke biyo baya kan ja tantanin ya tattare shi.

Raunin da ke jira

Abin da ya fi yaudarar mutane game da bugun da bai fasa ido ba shi ne, kumburin kan sabe, jan idon ya washe, mutum ya koma aiki yana ganin ya warke. A idon matashi ruwan kaurin yana da ƙarfi, yana tokare yagewar na wani lokaci, sai a hankali yake tsinkewa ya fara ratsawa. Wani sanannen bincike da Charles Schepens da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1966 ya nuna cewa kashi 12 cikin 100 ne kawai na irin wannan ɓamɓarewa aka gano nan take bayan bugun. An gano rabi cikin wata 8, kashi 80 kuma cikin shekara 2. Wato mutum 1 cikin 5 bai san abin da ke tafe ba har shekara biyu suka shuɗe.

Cutar ba ta da zafi, kuma wannan shi ne makaminta. Alamunta na gani ne kawai: walƙiya a gefen ido ko da an rufe shi, baƙaƙen ɗigo ko zare-zare da ke yawo kamar ƙudaje, sannan wata inuwa kamar labule da ke sauka daga sama ko ke shigowa daga gefe. Da yake ɗaya idon lafiyarsa lau, yana rufe gibin, mutum na iya yin makonni bai lura ba, sai ranar da ya rufe lafiyayyen idon bisa tsautsayi. Ƙaramin yaro kuwa ba ya ma faɗa, musamman idan wanda ya ji masa raunin shi ne wanda yake tsoro.

Yadda ake mayar da tantanin

Kafin shekarun 1920, ɓamɓarewar tantanin gani hukuncin makanta ce. Jules Gonin, wani likita a birnin Lozan na Suwizalan, shi ne ya tabbatar cewa yagewar ce tushen matsalar, kuma idan aka toshe ta tantanin kan koma mazauninsa. Duk hanyoyin da ake bi a yau suna kan wannan ƙa'ida: a nemo kowace yagewa, a liƙe ta, a kuma sassauta abin da ke jan tantanin.

Idan an gano yagewar tun ruwa bai shiga baya ba, aikin na 'yan mintuna ne. Likita zai kewaye ta da hasken lesa, ko ya ƙanƙarar da gefenta da wata na'ura mai tsananin sanyi, tabon da zai fito ya zama kamar walda. Mara lafiya kan koma gida a ranar.

Idan tantanin ya riga ya ɗaga, hanya ta farko ita ce ɗamara. Ernst Custodis ya fara ta a Jamus a 1949, Schepens da wasu suka inganta ta a shekarun da suka biyo baya. Ana ɗinka wata roba ta silikon a jikin farin ido ta waje, ta tura bangon ciki har ya haɗu da tantanin da ya yage. Ga matashin da bugu ya fizge wa gindin tantani, wannan hanya tana aiki ƙwarai, kuma ba ta bukatar manyan injuna masu tsada, sai dai ƙwarewar hannu.

Hanya ta biyu ita ce shiga cikin idon, aikin da ake kira bitirektomi, wanda Robert Machemer ya ƙirƙiro a Amurka a farkon shekarun 1970. Likita kan huda ƙananan ƙofofi uku a farin ido: ɗaya ta ruwa, ɗaya ta fitila, ɗaya ta wata siririyar na'ura mai yanka da zuƙa. Da ita ake kwashe ruwan kaurin da jinin da ya taru, a zaro ƙarfen da ya shige, a ɓare tabon da ke jan tantanin, a shimfiɗa shi, a liƙe da lesa. Daga nan sai a cika idon da iskar gas ko man silikon domin su danne tantanin har tabon liƙin ya yi ƙarfi. Wannan ce hanyar da raunin da ya huda ido ya fi bukata. Akwai kuma hanya ta uku, ta allurar gas kaɗai ba tare da buɗe ido ba, amma ta dace ne da ƙaramar yagewa a ɓangaren sama, ba kasafai take yi wa idon da ya ji rauni ba.

Aikin ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata. Wanda aka sa wa gas ana iya umartarsa ya riƙa kifa fuska ko ya kwanta ta gefe guda na kwanaki, domin kumfar ta zauna daidai kan yagewar. Gas ɗin kan ɓace da kansa, wani nau'in cikin kimanin mako 2, wani kuma har mako 8. A tsawon wannan lokaci haramun ne hawa jirgin sama, domin kumfar kan kumbura a sama ta toshe jinin ido. Wannan sharaɗi ya shafi maniyyaci mai shirin umara, ya kuma shafi wanda ya tafi Indiya ko Masar neman aikin yana son dawowa da wuri. Man silikon ba shi da wannan matsala, amma sai an sake wata tiyatar bayan watanni an cire shi, kuma yana iya haddasa yanar ido ko hawan jinin ido.

A ɓamɓarewa mai sauƙi da aka kawo da wuri, aiki ɗaya kan mayar da tantanin a idanu 8 zuwa 9 cikin 10. A idon da aka huda, ko wanda ya daɗe, adadin kan ragu, saboda wani tabo da ke tsirowa a fuskar tantanin ya tattare shi kamar tsohuwar leda. Wannan tabo shi ne babban abin da ke rushe aikin, kuma jini da jinkiri su ne takinsa.

Lissafin sa'o'i da kwanaki

Tambayar farko da likitan tantani ke yi ita ce ko ruwan ya kai cibiyar gani. Idan bai kai ba, aikin na gaggawa ne, ana so a yi shi cikin kwana ɗaya ko makamancin haka, kuma mutum na iya riƙe ganinsa kusan yadda yake. Idan ya kai, ana so a yi cikin 'yan kwanaki, kuma ko an mayar da tantanin, karatu da gane fuska ba lalle su dawo yadda suke ba. Bayan watanni, tiyatar na iya dawo da ganin hanya kawai. Idon da aka huda kuwa ana so a ɗinke shi cikin sa'o'i 24 domin kauce wa ƙwayoyin cuta, kafin a zo maganar tantani.

Wani bincike da David Yorston da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 kan idanu fiye da 300 da aka yi wa aiki a asibitin ido na Kikuyu da ke Kenya ya nuna cewa kimanin 9 cikin 10 sun iso ne bayan cibiyar gani ta riga ta ɗaga. Duk da haka an yi nasarar mayar da tantanin a mafi yawansu, da dama kuma sun samu ganin da zai ba su damar tafiya da kansu. Aikin yana yiwuwa a Afirka, yana kuma da amfani ko an makara, amma mafi yawan asarar tana faruwa ne kafin mara lafiya ya taka ƙofar asibiti.

Waɗanda ba sa cikin ƙirga

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta, a wani nazari na 1998, cewa ana samun raunin ido miliyan 55 a duniya duk shekara, 200,000 daga ciki na huda ƙwayar ido. Nazarin ya ce mutum miliyan 1.6 rauni ya makantar da su gaba ɗaya, yayin da kimanin miliyan 19 suka rasa gani ko ya raunana a ido ɗaya. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce zuciyar matsalar: rauni ido ɗaya yake ci, alhali a ma'aunin hukuma ana auna makanta ne da idon da ya fi gani.

Babban binciken makanta na Najeriya, wanda aka gudanar daga 2005 zuwa 2007, shi ne har yanzu ake kafa hujja da shi. Ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum miliyan 1.13, cewa yanar ido ce ke da alhakin kashi 43, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi yawan makafi. Bincike ne mai daraja, sai dai manyan alƙalumansa na 'yan 40 zuwa sama ne. Ɗan shekara 22 da ya rasa ido ɗaya a wurin fasa dutse ya faɗi ta ɓangarori biyu: shekarunsa ba su kai ba, kuma ɗaya idonsa yana gani.

Manufofin ƙasa da ƙasa ma haka suka karkata. A 2021 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ma'aunai biyu da za a auna ci gaban lafiyar ido da su zuwa 2030: yawan waɗanda suka samu ingantaccen aikin yanar ido, da yawan waɗanda suka samu tabarau. Akwai hikima a wannan zaɓi, domin su ne suka fi shafar jama'a kuma suka fi araha. Shi ya sa duk ranar Alhamis ta biyu a watan Oktoba, Ranar Gani ta Duniya, labarin da ake ji shi ne na aikin yana kyauta da rabon tabarau. Sai dai mai yanar ido zai iya jiran ayarin likitocin da za su zo bayan wata shida, ganinsa ya dawo. Wanda tantaninsa ya ɓamɓare ba zai iya ba, kuma aikin nasa ba a yin sa a rumfar wucin gadi. Tsarin da aka gina kan gangami na lokaci-lokaci bai tanadar masa komai ba.

Doguwar hanya zuwa ɗakin tiyata

Arewacin Najeriya yana da tsofaffin cibiyoyin ido. Asibitin ido na ECWA da ke Kano yana aiki tun 1943, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna kuma an kafa ta da dokar 1979, ga sassan ido na asibitocin koyarwa. Amma likitocin ido a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 'yan ɗaruruwa ne, waɗanda suka ƙware kan tiyatar tantani kuma kaɗan ne daga cikinsu, suna zaune a 'yan manyan birane. Horar da ɗaya kan ɗauki shekaru bayan kammala ƙwarewar ido, kuma irinsa ne ƙasashen waje ke zawarci.

Kafin mai rauni ya kai gare su, yakan bi matakai da kowanne ke cin kwanaki. Na farko gida ne, inda ake ɗiga nono, ruwan sukari, ruwan ganye ko a sa tozali. Na biyu kemis, inda ake ba da maganin ɗigawa da ke kwantar da ja da kumburi, mutum ya ɗauka sauƙi ya samu. Na uku ƙaramin asibiti, inda za a ɗinke fatar ido a duba gaban idon da tocila. Yagewar gefen tantani ba ta ganuwa da tocila. Sai an ɗiga maganin da ke faɗaɗa ƙofar baƙin ido an leƙa da na'ura ta musamman, ko a yi hoton sauti idan jini ya rufe hanya. Muddin ba a gaya wa mai raunin cewa akwai bukatar wannan binciken ba, ba zai nema ba.

Sai kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Kusan duk kayan bitirektomi daga waje ake shigo da su: na'urar yankan da ake amfani da ita sau ɗaya a jefar, gas, man silikon, igiyar lesa. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma farashin waɗannan kaya ya bi ta. Iyalin da za su sayar da dabba ko su bi dangi neman gudummawa suna bukatar makonni, cutar kuwa kwanaki take bayarwa. Kuma ba a cika gaya musu tun farko cewa akwai yiwuwar tiyata ta biyu da zirga-zirgar watanni ba.

A rubuce, doka ta yi tanadi. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar kulawar gaggawa, dokar ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma kafa asusun marasa galihu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi domin jinyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Amma a aikace, "gaggawa" a idon ma'aikacin asibiti ita ce mai zubar jini ko wanda numfashinsa ke sarƙewa. Mutumin da ya shigo da ƙafarsa yana cewa yana ganin inuwa, layi za a nuna masa. Yaron shagon walda, manomi da ɗan acaba kuma ba su da takardar albashin da za ta shigar da su tsarin diyya.

Abin da ke hannun hukuma da na jama'a

Gyara mafi araha yana a farkon hanya. Ma'aikatun lafiya na jihohi za su iya mayar da shi ƙa'ida cewa duk wanda ya zo da bugu mai ƙarfi a ido, a tura shi a faɗaɗa idon a duba tantaninsa cikin 'yan kwanaki, a kuma sake dubawa daga baya ko da ya ce ya warke. Yagewar da aka kama a wannan mataki lesa ta mintuna ce maganinta. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da takwarorinta na jihohi za su iya ambaton hudewar ido da ɓamɓarewar tantani ƙarara a jerin larurorin gaggawa, ta yadda za a fara aiki kafin a gama haɗa kuɗi. Asibitocin koyarwa za su iya riƙe rajistar raunin ido guda ɗaya, mai nuna shekaru, sana'a, sanadi da kwanakin da aka ɗauka kafin zuwa, domin da ita ne kawai za a iya tunkarar masu kasafi. Akwai kuma bukatar ci gaba da koyar da aikin ɗamara, wanda ya dace da raunin matasa kuma bai dogara da kayan dala masu yawa ba.

Ƙungiyoyin masu walda, makanikai, kafintoci da masu fasa dutse suna da ikon da gwamnati ba ta da shi a kan mambobinsu: za su iya hana yaro taɓa injin gurza ba tare da tabarau na kariya ba. Masu shirya dambe za su iya sa a duba idon ɗan wasa bayan bugu mai tsanani. Zakaran damben Amurka Sugar Ray Leonard ya samu wannan matsala a 1982, aka yi masa aiki a asibitin Johns Hopkins, ya kuma dawo fage daga baya, saboda an gano da wuri. Malamai da iyaye kuma su san cewa bulala ba ta zaɓar inda za ta sauka idan yaro ya kauce.

Idan raunin ya riga ya faru, kada a murza idon, kada a matsa shi, kada a zaro abin da ya soke, kada a ɗiga komai. A rufe shi da wani abu mai tauri da ba zai taɓa ƙwayar ba, kamar gindin kofin roba da aka yanke, a liƙe da filasta, a nufi asibitin da ke da likitan ido a ranar. Wanda kuma ya taɓa shan bugu a ido, ko da bara ne, ya riƙa rufe lafiyayyen idon lokaci-lokaci yana gwada ɗayan. Ranar da ya ga walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo sun ƙaru farat ɗaya, ko labule ya fara saukowa, ranar ce ta tafiya asibiti, ko da babu ciwo ko kaɗan.